Majami'ar Ben Ezra: Ɗakin Da Masu Shi Suka Tafi

 Abin da ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili a wannan fitowa, gardama ce ta haɗa ni da wani abokina wanda mu ke aji ɗaya, ɗakin kwana ɗaya. Mun fara ta a gindin mangwaro bayan abincin dare, muka ɗauko ta washegari a hanyar aji, har yau ba ta mutu ba. Da na ga baki ya kasa, sai na ce bari in sa ta a takarda, kowa ya karanta ya yi mana alƙalanci.

Ga asalin maganar. A cikin watan Agusta na 2023 Gwamnatin Masar ta sake buɗe wani tsohon ɗakin ibada na Yahudawa a birnin Alkahira, bayan ta yi fiye da shekara guda tana gyaransa. Sunansa Majami'ar Ben Ezra. Firayim Ministan ƙasar da kansa ya je buɗewar. Abokina ya ce wannan ɓarnar dukiya ce tsantsa. Ya ce, "Ƙasar Musulmi, talakawanta na neman abin sakawa a baki, ta ɗebi kuɗi ta gyara wa Yahudawa ɗaki, ɗakin da ko mai ibada babu a ciki? Ga kuwa abin da a ke yi wa Falasɗinawa, ƙofa da ƙofa da Masar!" Ni kuwa na ce Masar ta yi daidai, domin wannan ɗaki shaida ne ga Musulmin zamanin da, kuma ba su da shaida da ta fi shi. To, ku saurari labarin ɗakin tukuna, sa'an nan ku duba ko na yi ƙarya.

Kafin a gina Alkahira akwai Fustat, garin da Amru ɗan Asi ya kafa a 641, sa'ad da Musulmi suka ci Masar. Alkahira kuwa sai a 969 sarakunan Faɗimawa suka aza harsashinta, arewa da Fustat kaɗan. Yanzu duk sun haɗe, Fustat ta zama unguwa, ana ce mata Tsohuwar Alkahira. A nan majami'ar ta ke, cikin kangon wata tsohuwar ganuwa ta Rumawa, kusa da tsofaffin coci-coci na Kibɗawa, watau Kiristocin Masar. In ka fito ka taka kaɗan sai ga Masallacin Amru, wanda shi ne masallaci na farko a ƙasar.

Masu yi wa baƙi jagora su kan ce wai a nan ne aka tsinci Annabi Musa yana jariri a bakin Nilu. Su kan ce kuma wai da coci ne, Kibɗawa suka sayar wa Yahudawa a 882 don su biya harajin da Ahmadu ɗan Ɗulun ya aza musu. Waɗannan zancen baki ne, masana tarihi ba su dogara da su. Abin da takarda ta tabbatar shi ne, ana kiranta majami'ar mutanen Sham, domin masu ibada a cikinta suna bin malaman ƙasar Falasɗinu ne. Masu bin malaman Iraƙi kuwa suna da tasu dabam a cikin garin.

Halifa Alhakim, wanda ya yi sarauta daga 996 zuwa 1021, mutum ne mai juyin hali, Musulmi ma sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. Ya ba da umarni a rushe coci-coci da majami'u, wannan ma ba ta tsira ba, aka rushe ta wajen 1012. Bayan ya shuɗe, a zamanin ɗansa Azzahir aka soma sabon gini, aka gama wajen 1040. A cikin ginin nan ne aka keɓe wani ɗan ɗaki wanda shi ne ya fitar da sunan majami'ar a duniya.

Ɗakin kamar rumbu ya ke. Ba ƙofa ba taga, sai wata kafa can sama a bango, wadda a ke kai wa gare ta daga benen da mata ke zama. Yahudawa na kiran irin wannan ɗaki ganiza, watau ma'aji. A addininsu takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yaga ta a watsar, ba a zuba ta a juji. In ta tsufa sai a ajiye ta a ganiza, in sun taru a kai maƙabarta a binne. Wannan ladabi ba baƙo ba ne gare mu. A gidajen Musulmi, in yaro ya tsinci takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ya kan ɗauka ya soke ta a jikin danga ko a kafar bango, ruwan wankin allo kuwa ba a zubar da shi a inda a ke takawa.

Amma mutanen Fustat sun wuce nan. Harshensu na gida da na kasuwa Larabci ne, sai dai in za su rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci su ke rubutawa, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci muka ce ajami. Baƙaƙen nan masu tsarki ne a wurinsu, ga shi kuma wasiƙa da wuya ta rasa ambaton Allah. Saboda haka sai kome ya bi ta kafar nan: littafin addu'a, da takardar aure, da takardar saki, da lissafin ɗan kasuwa, da rubutun likita, da wasiƙar uwa zuwa ga ɗanta. Aka yi ta zubawa fiye da shekara 800 ba a kwashe ba. Masar kuwa ƙasa ce busasshiya, ba damina irin tamu mai ruɓar da takarda. Ƙura ta lulluɓe su ta tsare su. Guntayen da aka samu, manya da ƙanana, sun kai wajen 400,000.

To, ku 'yan'uwana masu shirin riƙe alli, nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. A cikin tarin nan akwai littattafan koyon baƙi na yara, an zana baƙaƙen manya-manya an cika su da launi don ido ya kama. Akwai takardun da yara suka yi ta maimaita baƙi ɗaya, hannu na karkarwa, wani ma ya gaji ya koma zane-zane a gefe. Akwai wata 'yar takarda da wani malami ya aika wa uban yaro, yana cewa ɗansa ya mai da hankali ga karatu, amma fa wani yaro ya fasa masa allo, kuma sauran yara sun sani. Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji a lokacin koyon koyarwa ya san wannan "sauran yara sun sani" sarai. Kuɗin malami mako-mako a ke biya, ran Alhamis, har sunan ranar ya zama sunan kuɗin, kamar yadda mu ke cewa kuɗin Laraba a makarantar allo. Marayu da 'ya'yan matalauta jama'a ke biya musu. Akwai mata masu koyarwa. Akwai kuma jerin sunayen matalauta da a ke raba wa gurasa sau biyu a mako, Talata da Jumma'a, kowa da adadin da ya samu.

Babban malaminsu na zamanin, Musa ɗan Maimuna, wanda Turawa ke kira Maimonides, a Fustat ya zauna. Haifaffen Ƙurɗuba ne ta Andalus, ya zama likita a fadar gidan Salahuddin Ayyubi, ya rasu a 1204. An sami rubutun hannunsa a ganiza, har da inda ya soke kalma ya sake wata. Daga cikin tambayoyin da aka kawo masa akwai ta wasu masu sana'a, Musulmi da Yahudawa, waɗanda suka haɗa jari da kayan aiki. Suka shirya a kan ribar ran Jumma'a ta Yahudawa ce, ta ran Asabar kuwa ta Musulmi, don kowa ya sami ranar ibadarsa. Aka tambaye shi ko ya halatta, ya ce ya halatta. Ku dubi wannan dabara, ba sarki ya yi musu ita ba, ba alƙali ba, neman abinci ne da zaman tare.

Fatake kuwa wasiƙunsu sun fi a ƙirga. Suna kai kitani na Masar zuwa Tunis da Sisili, su komo da mai da sabulu da alharini. Wasu suna bi ta Adan har Indiya, neman barkono da kayan ƙamshi. Akwai wani Ibrahim ɗan Yiju, mutumin Tunis, wanda ya yi shekara 17 a Mangalor ta bakin tekun Indiya yana fatauci, yana da maƙera ta tagulla, daga baya ya komo Masar da takardunsa. A cikin wasiƙun nan za ka ga sunayen masu jirage Musulmi, da alƙalai, da dillalai, da kuɗin fito, da farashin kaya, da shekarar da Nilu bai kawo ruwa sosai ba abinci ya yi tsada. Wani malami Bayahude haifaffen Jamus, S. D. Goitein, ya yi fiye da shekara 30 yana tsintar waɗannan guntaye yana harhaɗawa, har ya fitar da littafi mai juzu'i 5. Na farko ya fito a 1967, na biyar a 1988, bayan rasuwarsa da shekara 3. Duk mai son ya san yadda talaka ya yi zama a ƙasashen Musulmi a ƙarni na 11 da na 12, abin da ya ci, da abin da ya sa, da sadakin da ya biya, ba shi da mafita sai ta wannan hanya. Littattafan tarihi na malamanmu labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da manyan malamai suka fi kawowa, ba su cika waiwayar mai sayar da gurasa ba.

Ga kuma hujjar da na fi riƙe wa abokina. Daular Faɗimawa ta yi shekara 200 da 'yan kai tana mulkin Masar, daga 969 zuwa 1171, da magatakarda da ma'aji da littattafan haraji. Amma taskar takardun fadarsu ba ta iso gare mu ba. Ashe in takardar hukuma ta gama aiki sai a yanyanka ta ta koma hannun jama'a, da ya ke takarda na da tsada. Magatakardan fada kuwa suna barin fili mai yawa tsakanin layi da layi, don girman sarauta. Sai Yahudawa su samu su yi rubutunsu a baya, ko a tsakanin layukan, in sun gama su jefa a ganiza. Ta haka ne umarnin halifofi, da koke-koken talakawa zuwa fada, da rasiɗin haraji, suka tsira da Larabcinsu. Wata malama ta Jami'ar Princeton a Amurka, Marina Rustow, ta yi littafi guda a kan wannan a 2020. Har guntayen Alƙur'ani an samu a ciki. Watau dai rumbun Bayahude ne ya ɓoye wa sarkin Musulmi takardunsa, bai ma san ya yi ba.

Kada ku ce na shafa wa labarin zuma. Takardun nan ba su ɓoye kome ba. A cikinsu akwai kukan matalauta waɗanda suka kasa biyan jiziya, wani ya ɓuya a gida ba ya iya fita neman abinci, wani an kulle shi, wani yana roƙon mai hali ya taimake shi kafin masu karɓa su zo. Shi kansa Goitein da farko ya ɗauka jiziya ba wani nauyi ba ce, da ya zurfafa cikin takardun ya sake ra'ayi, ya ce ta danne talaka ƙwarai. Shaidar da ke faɗin na daɗi da na ɗaci duka, ita ce shaidar da alƙali ke karɓa.

Yadda takardun suka bar Masar kuwa abin takaici ne. Tsakanin 1889 da 1892 aka rushe tsohon ginin don ya lalace, aka sake shi a kan fasalinsa na da. A lokacin ne dillalai suka soma sayar wa Turawa guntaye. A 1896 wasu mata tagwaye 'yan Sikotilan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, masana harsunan gabas, suka sayo wasu suka kai Kambirij ta Ingila, suka nuna wa wani malami Bayahude, Solomon Schechter. Da ya duba wani ganye sai ya gane Ibranancin littafin Ben Sira ne, littafin hikima wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ba a gan shi cikin harshensa na asali ba. Bai yi wata-wata ba, ƙarshen shekarar ya kama hanyar Masar. Shugabannin Yahudawan Alkahira suka ba shi izini ya ɗebi abin da ya ga dama. Ya yi makonni cikin ƙura yana cika buhuna, aka ɗora a jirgi. Abin da ya kwaso yana Jami'ar Kambirij har yau, guntaye wajen 193,000. Saura sun warwatsu, wasu a Oksfod da Mancesta, wasu a Rasha, wasu a Amurka, wasu a Faransa.

Abokina ya ce, "Ka gani, an sace." Na ce ba sata ba ce, masu abu suka bayar. Amma ba na musun cewa zamanin na Ingilishi ne, tun 1882 su ke riƙe da Masar, wanda ya zo da takarda daga babbar jami'arsu ba a cika ce masa a'a ba. Sai dai in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Shekara nawa tarin nan ya yi a tsakiyar birnin da ke da Azhar, ba wanda ya ce bari in leƙa? Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Abin da ya rage sauƙi yanzu an ɗauki hoton mafi yawansu an sa a intanet, mai iya karatun yana iya gani daga ko'ina.

Masu ɗakin kuma fa? A 1948 Yahudawan Masar sun kai wajen 75,000 zuwa 80,000. Wasu kakanninsu na nan tun kafin zuwan Musulunci. Da aka kafa Isra'ila aka yi yaƙi, zama ya soma ɓaci, aka tayar da bama-bamai a unguwarsu a Alkahira. A 1954 aka kama wasu samari Yahudawan Masar waɗanda 'yan leƙen asirin Isra'ila suka sa su dasa bama-bamai, abin ya shafa wa sauran kashin kaji. Bayan yaƙin Suwez na 1956 aka kori dubbai, aka riƙe dukiyar da yawa. A yaƙin 1967 aka tsare ɗaruruwan mazansu. Haka suka yi ta fita, wasu Isra'ila, wasu Faransa, wasu Amurka. Yau waɗanda suka rage a iya ƙirga su da yatsu, yawanci tsofaffin mata. A addininsu kuwa ibadar jam'i ba ta tsayuwa sai da maza 10. Shi ya sa majami'ar ta koma gidan tarihi, baƙi ke shiga kallo. An yi mata babban gyara a shekarun 1980, wata mai zanen gine-gine 'yar Kanada, Phyllis Lambert, ta shugabanci aikin, sa'an nan aka yi na 2023 da na ambata.

To, yanzu ga amsata. Ɓacin ran abokina game da Falasɗinawa ba na raina shi, ni ma yana ci mini rai, musamman tun yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoba 2023. Amma malamin da aka fasa wa ɗalibinsa allo, da matar da ke karɓar gurasa ran Talata, me ya haɗa su da wannan? Sun mutu da ɗaruruwan shekaru kafin a yi tunanin wata ƙasa Isra'ila. Larabci su ke yi, Nilu su ke sha, haraji su ke biya wa halifa. Masarawa ne. Wanda ya ce a bar ɗakinsu ya zube don haushin abin da wasu ke yi yau, ya yi fushin kaza huce kan dami. Kuma wa zai yi hasara? In ɗakin ya zube, sai a wayi gari mai cewa Musulmi ba su taɓa iya zama da kowa ba ya faɗi maganarsa, mu rasa abin nuna masa. Aya ta 40 a cikin Suratul Hajji ta jera ɗakunan ibadar Nasara da na Yahudawa tare da masallatai a cikin abin da a ke karewa daga rushewa. Alhakim ya rushe, magajinsa ya bari aka gina. Wanne daga cikinsu mu ke so a ce mun gada?

Batun kuɗi kuwa, ƙasar da baƙi masu zuwa kallon kayan tarihi ke kawo mata dukiya mai yawa, gyaran irin wannan wuri jari ne. Inda na ke da ƙorafi a nan shi ne, gyaran bango kaɗai bai isa ba. In an shafe fenti don baƙi, amma yaron unguwar bai san waɗanda suka yi ibada a ciki 'yan ƙasarsa ba ne, kuma bai san dalilin tafiyarsu ba, to an gyara kube ne an bar wuƙa da tsatsa. Wannan aikin kuwa ba na magini ba ne, na malamin makaranta ne, irin aikin da mu ke koyo a nan. Ranar da aka ba ni aji na tarihi, in na zo kan Masar, ba zan tsaya ga Fir'auna da dala ba. Zan zana wa yara rumbun nan a allo, da kafarsa a sama, in ba su labarin ribar Jumma'a da ta Asabar, in ba su kuma labarin wanda ya ɓuya don jiziya, in bar su su yi tambaya.

Na karanta wa abokina wannan takarda kafin in miƙa wa Edita. Ya ce labarin takardun Faɗimawa bai taɓa jinsa ba, ya kuwa ba shi mamaki, amma batun kuɗi har yanzu bai sauka ba, wai asibiti ya fi gidan kallo. Ya ce zai rubuto tasa amsa a fitowa mai zuwa, in Edita ya yarda. Na ce masa ga fili ga mai doki. Wasalam.